Ƙafa Ɗaya Ba Ta Ɗaukar Biki

Mutanen Matamaye akwai haƙuri. Za su yafe in miyar biki ta yi tsami, za su yafe wa makaɗin da aka kira da hantsi ya iso bayan la'asar, amma mai bidiyon da hotonsa ya fito yana rawa, wannan sai dai ya nemi gafara wurin Allah. Dalili kuwa, bidiyon biki ba ya kwana a gida. Kafin a wanke tukwane ya bi WhatsApp ya isa wurin dangi a Damagaram, Agadas, Tamanrasset da Kano, kowa ya kalla ya yanke hukunci.

Ni kuma sana'ata ke nan, ga shi hannuna yana da ra'ayin kansa. Kamarata, in aka ɗora mata makirfo da fitila da babban batir, ta haura kilo 2. Farkon ɗauka lafiya lau. Can sai kafaɗa ta soma gunaguni, gwiwar hannu ta amsa mata, in kuwa na jawo hoto daga nesa, 'yar karkarwar da ido ba ya gani sai ta ninku ta cika allo. Wata tsohuwa ta kalli bidiyon sunan jikanta har ƙarshe, ta tambaye ni cikin tausayi ko a bisa amalanke na ɗauka.

Ina da sandar kamara mai ƙafa uku, amma ba a yi ta don tsakar gidan biki ba. Kafin ka baza ƙafafunta yaro ya yi tuntuɓe da ɗaya, akuya ta gwada ɗanɗanon ta biyu, in kuma aka fito da amarya, kana naɗewa an riga an kai ta mota. Wani abokin aiki da ke ɗaukar kokowa a filin Langa-Langa na Damagaram ya ce mini maganina monofod, sandar kamara mai ƙafa ɗaya. Ita ce ke ɗauke nauyi ta kashe rawar sama da ƙasa, in wuri ya rikice kuma ka suri abarka ka ruga.

Bikin ɗiyar Kawu na ƙaratowa na bi hanyar Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura da Kazaure, na sauka Kano. Wani mai shago ya jera mini uku a kan tebur. Ta farko baƙa ce mara nauyi, ta kabon faiba, kuɗinta kuwa sai da na nemi kujera. Ta biyu ta alminiyon ce mai gaɓa 3, kakkaura, an rubuta tana ɗaukar kilo 8, sai dai ko an naɗe ta doguwa ce, ba ta shiga jaka. Ta uku ruwan zinariya, gaɓa 5, ta ƙarshen ba ta kai kaurin yatsa ba, kuma a gindinta akwai 'yan yatsu uku da ake buɗewa.

"Malam, wannan ita kaɗai take tsayuwa," in ji shi. Ya kafa ta a kan tayil ya tafa hannu, ta tsaya ƙyam. Babu kamara a kanta, babu iska, babu yara.

"Kilo nawa take ɗauka?"

"Kai dai ɗora, Allah ne mai ɗauka."

Na gwada ƙusar samanta, mai kwatar inci, wanda shi ne ma'aunin gindin kusan kowace kamara, ta shiga daidai. Mai ruwan zinariya ta biyo ni gida.

Tun a tasha ta fara jawo mini daraja. Na dogara da ita ina jiran mota ta cika, wani saurayi ya tashi ya ba ni gidan gaba, wata baiwar Allah ta saka mini dala 20 a hannu ta ce Allah ya ba da lafiya. Ran Juma'a a kasuwar Matamaye, wajen masu rake, wani Bafulatani ya karɓa ya jinjina ta, ya saɓa a kafaɗa, ya miƙo mini ya ce ko ƙadangare ba za ta kashe ba.

Ranar ɗaurin aure hunturu ya sauko da ƙurarsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawu, takalma suka taru a bakinsu. Na kafa sandata can gefe a cikin rairayi, na ɗaure kamara, na jawo fuskar liman ta cika allo. Hoto ya tsaya cak, abin da ban taɓa gani ba tun da na shiga sana'a. Daɗi ya kama ni, na ɗauke ido daga allon ina amsa gaisuwar mutane da ka.

A nan abubuwa biyu suka haɗu. Siririn gindin ya soma nitsewa a rairayi, maƙallan gaɓoɓin kuma, da ƙura ta shige su nauyi ya danne su, suka soma saki a hankali. Liman ya fara huɗuba da rawaninsa a allo. Da aka zo neman aure gemunsa ne kawai. Sanƙira na shelar sadaki muna kan aljihun babbar riga. Ko da aka shafa fatiha, kan sandar ya sunkuya gaba ɗaya, kamara na kallon takalma, ni kuwa ina tsaye ina washe baki, ina mamakin yadda hannuna ya sauka har ƙugu ban gaji ba.

Na ja gaɓoɓin na matse, na shiga wajen mata. Can ƙasa daɓe ce, sai na buɗe 'yan yatsun nan uku. Gwaggo ta taho da kwanon fura.

"Karɓi, ɗan nan, tun safe ba ka sa komai a ciki ba."

Ba a karɓar kwanon Gwaggo da hannu ɗaya. Na saki sanda. Ta tsaya daidai tsawon bisimilla, sannan ta yi tunani, ta karkata, ta tafi da kamarar gaba ɗaya cikin fantekar alkakin gara. Mata suka saka salati. Kamara ba ta mutu ba, ta ci gaba da aikinta: alkaki ya cika allo yana ƙyallin zuma, muryar Gwaggo kuma ta fito tangaran.

"Kai da hankalinka, ka taɓa ganin an girka tukunya a kan dutse ɗaya? Murhu ma uku yake nema."

Duk abin da aka rubuta a kan monofod, Gwaggo ta gama shi a nan. Sandar ƙafa ɗaya ce kawai, sauran biyun naka ne. Ka ware su, ka ɗan tura gindinta gaba, ka jingino ta jikinka, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, igiyarta a wuyan hannu. Rawar hagu da dama ba ruwanta da ita, wannan aikinka ne. 'Yan yatsun gindi don sauƙin juyawa aka yi su, ba don ka tafi shan fura ba.

Washegari na kai ta wurin mai gyaran babur. Ya busa ƙurar, ya ɗauko ƙaramin makulli mai kusurwa shida ya matse ƙusoshin maƙallan, ya yanko tafin tsohon silifa ya ɗaure a gindin don kada ta ƙara nitsewa. Ya ce in zan sake saye in nemi mai gaɓa kaɗan, mai kauri, wadda aka rubuta tana ɗaukar ninkin nauyin kamarata, wadda kuma za ta kai idona ba sai na zaro siririyar gaɓar ƙarshe ba. Wato dai ta alminiyon ɗin da na baro a kan tebur.

Da daddare aka taru kallon bidiyo. Liman na sauka, fuskar Kawu na sauka tare da shi. Aka iso wajen takalma, ɗaki ya yi tsit, na fara auna tazarar da ke tsakanina da ƙofa. Sai wani Alhaji daga dangin ango ya zabura.

"Tsaya! Mayar baya!"

Ashe sababbin takalmansa na fata sun ɓata a wurin ɗaurin auren, har ya koma masauki da silifan alwala. Ga su nan a allo, hoto tsaf babu rawa. Ana tsakiyar fatiha wasu ƙafafu biyu masu kaushi suka shigo, suka zame tsofaffin sambatsai, suka zura na Alhaji, suka fita a natse. Ba a ga fuska ba, amma an ga bakin wando da wani babban yatsa mai karyayyen farce, kuma a Matamaye wannan ya wadatar. Kafin sallar asuba takalma sun dawo ƙofar gida da kansu.

Kawu ya zaftare rabin kuɗin aikina, ya ce shi aure ya ɗaura, ba shagon takalma ya buɗe ba. Alhaji ya cike gibin da tukwici har da ƙari. Yanzu na sayo mai gaɓa 3, hotona ya daina rawa, amma duk wanda ya zo kama ni aiki sai ya rage murya ya ce in taho da kamara biyu: ɗaya ta liman, ɗayar a kan mai ruwan zinariya, kuma don Allah kada in matse ta.