Cinikin biri a sama: gaisuwa ga Sarkin Arahar Damargu

Sarkin Araha, ɗan gwaggona, bawan gidanmu, ya jimamin salula? Kada ka tsaya tambayar wanda ya kai ƙararka. Labarin da ya hau motar Belbeji da safe, kafin magariba ya sauka tashar Damagaram, naka kuwa tun daga Tanut direba ya ba shi kujerar gaba. An ce hoto ka gani a WhatsApp: salula mai ido uku tana ƙyalli, sabuwa dal cikin kwalinta, jika arba'in, alhali ƴar uwarta a kanti ta haura jika ɗari. Ka ce tsuntsu daga sama gasasshe. Ka kai tunkiya kasuwa, ka sulale ka tura kuɗin kana waige, kada wani ya riga ka.

Kaya ya iso, ka tara majalisar shayi don a taya ka buɗewa. Da ka san abin da ke ciki, da cikin rumbu ka shiga ka buɗe kai kaɗai. Ido uku dai ga su nan reras, amma ɗaya ke gani, biyun kwalliya ce aka manna. A kwali an rubuta giga 256, ka ɗauki bidiyon suna guda ta ce ta ƙoshi. Batir kuwa, ka cika shi fal da hantsi, kafin a sauke shayi na biyu ya suma. Sannu, yallaɓai. Ba dariya nake ba, tari ne ya sarƙe ni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kai ne fa! Kai da ke shiga kasuwar bisashe ka kama rago, ka buɗe masa baki ka ƙirga haƙora, ka danna ƙugu, ka ɗaga wutsiya, ka sa a ja shi ya taka don ka ga ko yana ɗingishi, sannan ka yi tayin da zai sa Bafulatani ya ce albarka yana kallon sama. Ko dala ba ka zarowa sai dillali na tsaye. Kana da gaskiyarka. Dillali ya san rugar mai rago, ya san ƙofar gidanka. In ragon na sata ne, ko ya kwana yana tari, wuyan dillali za ka shaƙe, don la'adar da ya ci ba ta banza ba ce. Haka ake ciniki a ƙasar nan tun lokacin da ayarin Abzinawa ke sauka Damargu su auni gero su koma arewa, kuma ba a buƙaci tambari ba. To wanda ka tura wa kuɗin tunkiya fa? Inda ya kamata a ga fuskarsa, hoton jirgin sama ne. Yau kantinsa na Yamai, gobe kaya na kan hanya daga Kano. Sunan da ya sa a WhatsApp daban, wanda ya ba ka ka tura kuɗi daban. Ka yi masa ƙorafi ya ce rezo ne, ka sake kira ya toshe ka.

An ce yanzu ka zama lauya, kana gaya wa mutanen Tarka wai a Turai kwana 14 ake ba mutum ya mayar da kaya. Kai, ashe kana sauraren rediyo! Gaskiya ne, dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba wanda ya sayi abu ta intanet kwana 14 ya fasa ko babu dalili. Sai dai ba ka ƙarasa labarin ba: hakan na aiki ne in daga ɗan kasuwa ka saya, kuma galibi kuɗin mayarwa daga aljihunka zai fito, wanda na san nan ne za ka fara gumi. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da hukumar FCCPC, wadda ba ta yarda da allon nan na "in an biya ba a mayarwa" ba. Mu ma ba marayu ba ne. Akwai doka mai lamba 2015-24 ta kare masu saye, akwai 2019-03 ta hada-hadar intanet, wadda ta ɗora wa mai sayarwa ya bayyana ko shi wane ne da inda yake. Ga kuma ƙungiya irin ADDC-Wadata mai kare haƙƙin masu saye. Amma sammaci sai da suna da ƙofar gida. A kai shi ga wa, ga jirgin sama?

Ba ma sai ka je Turai ba. Risala ce dai muka zauna gabanta a zauren malam, ni ina biyawa kai kana gyangyaɗi. Littafin ya haura shekara dubu, kuma kamar don kai aka rubuta babin ciniki. Ya halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ya hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin kaya ya zo, sai in wurin na kusa ko abin ba mai saurin canzawa ba ne, kamar gida ko gona. Daga Yamai zuwa Damagaram kaɗai wajen kilomita 900, ka ƙara kusan 150 zuwa Tanut, ka gaya mini ina kusancin. A mazhabar tamu, wanda ya sami aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sai dai in ya ga aibin ya ci gaba da mora, to ya yarda ke nan. Kai kuwa bayan ka ga komai da idonka, ka saka ta a aljihun gaba ka tafi biki, kana fito da ita kana duba lokaci alhali a mace take. Ka dawo ka miƙa wa yaron nan mai gyara na bakin tasha, ya farke bayanta da tsinke. Ko kantin kirki ne, salular da aka buɗe wa ciki garantinta ya tafi.

To share hawaye, ubangidanka bai mutu ba. Rasit ɗin tura kuɗin nan, ka nemo shi, in ba ka ƙunshe goro da shi ba. Ko Nita ko Al Izza ko Amana, aikinsu su kai kuɗi inda ka ce, kuma mai karɓa sai ya nuna katin shaida. Sunan da ke jikin takardar shi ne bakin zaren. Saƙonnin muryar da ya yi ta rantse maka a ciki, kada ka goge ko ɗaya. Ka danna *#06# lamba mai 15 ta fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, maganar ta wuce aibi ta koma zamba, wurin jandarma za ka. Gaba kuma, kaya a hannu kuɗi a hannu. Ka sa wani naka a birni ya kunna, ya kira da ita, ya karɓi takardar kanti mai tambari da watannin garanti a rubuce, sannan ya biya.

Wanin nan naka kuwa ni ne, ba ka da wani. La'adata ba ta da yawa: cuku mai kyau, ba irin ragowar da ka aiko bara ba, da tiya biyar ta gero. Ka ba direban da zai taso jibi kwalin da rasit ya kawo mini. In kana da bakin ramawa ina saurare, ka roƙi Hajiya ta ara maka tata salular. Ka dai gaya mata a tsaye zan amsa, kada ta ji tsoron ka sayar da ita.