Wasiƙa Daga La Rochelle: An Raba Gardamar Jirgin Nutso

Zuwa ga taubashina, sarkin musun Damagaram,

 Ni nan lafiya lau, sai sanyi da iskar teku da suka mai da ni kamar mai fama da mura shekara zagaye. Aiki kuma alhamdulillahi, muna ta lodin alkama da sauke katako a tashar jiragen ruwa ta La Pallice, wadda ke gefen birnin La Rochelle, a yammacin Faransa.

To, gyara zama, don yau bakinka zai mutu. Ka tuna fim ɗin nan na Jamusawa masu gemu, Das Boot, wanda muka kalla a kaset ba mu jin ko kalma ɗaya, amma kai kana fassara wa yara kamar a Balin aka yanke maka cibiya? Ka rantse cewa duk abin da ke ciki kwali ne da fenti, wai babu inda za a sami gini irin wannan a duniya, ni kuwa na ce gaskiya ne. Muka yi da kai wanda ya faɗi zai sayi kilishi. Ga shi Allah ya kawo ni ƙofar ginin, kullum da safe sai na wuce ta gabansa.

Taubashi, abin ba ya faɗuwa. Wani dutsen kankare ne baƙi ƙirin, tsawonsa ya haura mita 190, da ramuka 10 a jere inda jiragen nutso ke shiga su ɓuya. Kaurin rufinsa kaɗai kusan mita 7 ne, wato ɗakin Kaka sau biyu a tsaye. Sojojin Hitila suka fara gina shi a 1941, da gumin mutanen da aka tilasta wa aikin. Jiragen yaƙin Ingila da Amurka sun yi ta zuba masa bama-bamai, ya ƙi rushewa. Jamusawan da ke birnin ma ba su miƙa wuya ba sai a watan Mayun 1945, bayan kusan duk Faransa ta riga ta kuɓuta. Yanzu ginin yana cikin harabar tashar, a rufe yake, ba a barin 'yan yawon buɗe ido su shiga. Sukan tsaya daga nesa suna miƙa wuya, ni kuwa mai rigar aiki ina wucewa da ƙasaita.

Wani tsohon abokin aikina, Bafaranshe, shi ya koya mini yadda ake gane wuri a tsohon fim. Ya ce kada in kula da abin da ke motsi, jirgi ko mota ko injin ɗaga kaya, don duk ana canza su. In dubi abin da ba ya gusawa: ginshiƙan da ke tsakanin ramukan, bakin rufin, da ƙofar ruwan da jirgi ke bi kafin ya shiga tafkin tashar. Na buɗe fim ɗin a waya, na tsayar da shi daidai inda jirgin ke fita ana yi masa kiɗan soja, na ɗaga wayar saitin ginin. Wallahi ginshiƙi ya hau kan ginshiƙi. Haka ma wurin ƙarshe, inda jiragen sama suka yi wa mutanen jirgin ruwan wuta suna isowa gida, a wannan bakin ruwan aka ɗauka. Sai dai abokin aikin nawa ya gargaɗe ni da abubuwan da suka zo daga baya. Doguwar gadar da ke zuwa tsibirin Ré, alal misali, a 1988 aka buɗe ta, fim ɗin kuwa ya fito tun 1981. Duk wanda ya ce maka ya hango ta a ciki, ɗan'uwanka ne a ƙarya.

Amma don kada ka ce na zalunce ka, ga naka rabon. Cikin jirgin, inda suke guje-guje suna karo da juna, burodi da ayaba na rataye a kansu, ba a teku aka ɗauka ba. A ɗakin shirya fina-finai na Bavaria ne, kusa da Munich, aka ƙera shi aka ɗora a kan injin da ke jijjiga shi. Mai ba da umarnin, Wolfgang Petersen, ya sa 'yan wasan suka bar gemu, aka kuma hana su shan rana don fatarsu ta koɗe. Shi kansa jirgin da ake gani a bakin ruwa ƙwarya ce kawai, ba ya nutsewa. Har aronsa Steven Spielberg ya yi, ya sa shi a fim ɗin Indiana Jones na farko, a wannan ginin dai. Ka ga jirgi ɗaya ya yi wa iyayen gida biyu ƙwadago, irin halinka.

Akwai kuma abin da ni da kai duk ba mu kawo a musun ba. Jirgin gaskiya, U-96, ba daga nan yake tashi ba, mazauninsa Saint-Nazaire ne, can arewa da mu. Labarin daga littafin Lothar-Günther Buchheim na 1973 aka ɗauko shi, mutumin da ya bi jirgin a matsayin ɗan jaridar soja. Kyaftin ɗin nan kuma da ka yi wa hawaye a ƙarshe, kana cewa hayaƙin fitila ne ya shiga idonka, na gaskiyarsa ya tsira daga yaƙin, sai a 1986 ya rasu. Amma ban ce ka yi asarar hawayen ba. Farkon fim ɗin ya faɗi cewa cikin mutum 40,000 da suka shiga waɗannan jiragen, 30,000 ba su dawo ba, yawancinsu samari. Ban da waɗanda su kuma suka nutsar.

Saboda haka ga hukunci: waje nawa, ciki naka. Tunda kuwa wajen kankare ne, cikin kuma na ɗakin fim, kilishin a kanka yake. Ka ba duk wanda zai taho ya riƙo mini, ka haɗa da yaji. Kuɗin sharar bana kuma mu yi maganarsu in na zo, kada ka aiko mini da yara ta waya.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci, kuma ba na kusantar ruwan. Ka gaida amarya da haƙurin zama da kai, da duk mutanen majalisa.

Naka har kullum,
Ubangidanka na La Pallice