Ga Ni Nan a Hanya

Bututu ya fashe da asuba, ka kira mai gyaran famfo, amsar ba ta canzawa: "Alhaji, ga ni nan a hanya." Wace hanya, Allah masani. Sai bayan Azahar zai iso da sifana ɗaya a aljihu, ya dubi ɓarnar, ya girgiza kai, ya ce wane mugu ne ya yi wannan aikin? Kunya ba za ta bari ka tuna masa shi ne bara ba.

Sai ya naɗe wurin da roba, ya karɓi kuɗin mota zuwa Ƙofar Ruwa sayen kaya. Ruwan da ka saya jarka-jarka wurin 'yan garuwa kuwa, tuni yaran maƙwabta suna wanka da shi a lungu.