Firinta Mai Wi-Fi, Kebul a Ƙugu

Mu fa a layin nan namu na masu shagunan kwamfuta da fotokwafi, abu bai shigowa yayi ya wuce mu. Mutum ɗaya ya sayo firinta mai Wi-Fi, kafin wata ya zagayo rabin layi sun sayo. Ka shiga shago, mai shi ya nuna maka ita da haɓa: "Yallaɓai, wannan ba ruwanta da kebul, daga waya ake tura mata." Kai kuma ka leƙa bayan tebur, ga kebul ɗin nan a soke a ƙugunta.

Ba wai ba ta da rana ba. Duk wanda ya yi zamanin filashi ya san wuyar da muka sha. Ɗalibi ya kawo filashin da ya zaga kafe goma, ka soka a kwamfutarka, kafin la'asar bairos ya ɓoye aikin mutane kaf. Yanzu kuwa silif ɗin JAMB, na NIN, sakamakon WAEC da NECO, duk a waya suke. Mai iPhone yana da AirPrint tun 2010, mai Android yana da Mopria ko manhajar kamfanin, irin su HP Smart. Mai kemis ko mai makarantar kuɗi sai ya ajiye firinta ɗaya wurin akawu, ma'aikata uku su riƙa tura mata aiki daga kujerunsu, ba a fasa bango ba, ba wanda kebul ya harɗe.

To amma mu yaya muke yi? "Hajiya, turo min ta WhatsApp." Shi ke nan, Wi-Fi ɗinmu ke nan. Hajiya ta turo shi a hoto, WhatsApp ya matse shi, rubutu ya fito dishi-dishi, sai gardama ta kaure. Ita ta ce tawadarmu ce ta jabu, mu mu ce da ta turo shi a fayil da ba haka ba. Abin da ba ma so a tayar shi ne wayar yaron shago. Sirrin unguwa duk yana cikinta: takardar fili, sakamakon gwajin asibiti, lambar NIN, har takardar kotu ta rabon gado. Ba mai gogewa, sai ranar da waya ta ce ta cika.

Abin dariyar, firintar da muka kashe wa kuɗi tana da maganin wannan. Akwai abin da ake kira Wi-Fi Direct: wayar kwastoma ta yi magana da firinta kai tsaye, ba rauta, ba data, takardarsa ba ta biyo ta wayar kowa ba. Me ya hana mu? Lissafi. Ka bar mutum ya danna da kansa, shafi ɗaya yake so, ya sako maka littafi mai shafi arba'in, mai kala kuma. Kana ji tana ta zuƙar takarda yana cewa, "Wallahi Malam hannuna ne ya taɓa." Wa zai biya?

Ga kuma maganar lambar sirri. Firintocin HP da yawa sun zo da 12345678 a Wi-Fi Direct ɗinsu, mu kuwa yadda ta fito daga kwali haka muke barinta, kuma yaran layi sun fi mu sani. In kuwa ta rauta ce ka ba wa kwastoma ɗaya don ya buga takarda ɗaya, zuwa magariba za ka ga benci a ƙofar shagonka ya cika da samari, kowa ya sunkuyar da kai, ana ta TikTok da datarka. Gaisuwa ma sai ta ƙaru.

Babbar kishiyar firintar dai ita ce NEPA. A ɗauke wuta, a tayar da janareta, rauta ta mutu ta farfaɗo, ta sake raba wa na'urori sabon adireshi. Kwamfuta tana can tana sallama a tsohon gida, ta dawo ta ce maka firinta ba ta nan, alhali ga ta a gabanka fitilarta na ci. Mai intabiyu ƙarfe goma yana tsaye a kanka yana duba agogo. Gyaran bai fi na minti biyar ba, a kafe wa firinta adireshi guda a cikin rauta. Mu dai mun fi gane a kashe, a kunna, a yi bisimilla. In ta ƙi, a jawo kebul.

Sai wadda ta fi ciwo. Mu ba kullum muke sayen katirij na kamfani ba, na kasuwa muke sa wa, ko mu kai a yi mana ɗuri. Tun 2016 HP ke da wani tsari da ke sa wasu firintocinsa su ƙi katirij ɗin da ba na kamfanin ba. Firintar da ke jone da intanet tana iya sabunta kanta ba ka sani ba, ka wayi gari ta ce ba ta san katirij ɗin da suka kwana tare ba. Shi ya sa tsohuwar LaserJet 1020 har gobe take da daraja a layin nan. Ba ta jin Wi-Fi, ba ta jin intanet, ba mai zuga ta daga Amurka.

In ofis gare ka, ma'aikatanka ne kaɗai za su taɓa ta, sayi mai Wi-Fi, kuɗinka bai faɗi ba. In shagon jama'a ne, saya in kana so, amma canza lambar sirri ran da ka buɗe kwali, ka kashe mata sabunta kai, kebul kuma kada ka ba da aronsa. Ke kuma Hajiya, in kin turo takardarki ta WhatsApp, kada ki fita sai yaron ya goge ta a gabanki.