Masu Tafiya Daga Zaure

A Alaska, can ƙuryar arewacin Amurka, tun daga 1973 akan yi wani tsere a watan Maris, inda mutum kan ɗaura karnuka ga keken katako maras ƙafa, su ja shi bisa ƙanƙara wajen mil 1,000, iyalinsa kuwa suna gida sun ƙura wa waya ido don su ga zangon da ya kai. Mu tsakanin Bebeji da Doguwa ba mu san kare da wani aiki ba sai gadi da farauta, amma a fannin zaman jiran labari mun riga su, domin kakanninmu sun ƙware da shi tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, a bi ta Maiduguri, da Abashe, da Fashir, da Hartum, har a isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Da ƙanen kakana ya kama wannan hanya, sai zaurenmu ya tara jinsin mutane biyar.

Na farko malamin hisabi ne, wanda kullum bayan la'asar yakan share ƙasa, ya jera tsakuwa zango-zango, ya yi hukunci cewa lalle yau matafiyi ya kwana a Abashe. Ran da takardar ajami ta iso tana cewa mutumin na nan Maiduguri yana ɗinkin hula don neman guzuri, malam bai tuhumi lissafinsa ba, sai ya ce alhaji ne ya saɓa wa ƙa'ida.

Na biyu masanin hanya ne, wanda iyakacin safararsa a duniya Kwanar Ɗangora ce, amma babu rijiyar da ke tsakanin Wadai da Darfur wadda bai san zurfinta da ɗanɗanon ruwanta ba, kuma in fatake suka musa masa, sai ya ce ai tun bayan wucewarsu aka sake haƙa ta.

Na uku mai bin bashi ne. Wannan bawan Allah, wanda da can liman kan yi cigiyarsa a sahun asuba, sai ga shi ya zama mafi naci wajen addu'a, yana shafa fatiha har da ƙwalla, yana roƙon Ubangiji ya dawo da alhaji lafiya, da hankalinsa, da kuma tunaninsa na sule goma sha biyu.

Na huɗu ya fi su ladabi da yawan gaisuwa, ga goro kullum a aljihu. Shi dai bai taɓa wuce izu biyu a allo ba, amma ba zato sai sha'awar fiƙihu ta kama shi, ya riƙa bin malamai yana tambayar hukuncin wanda ya ɓace, har ya haddace cewa a mazhabar Malikiyya matarsa takan jira shekara 4 bayan an kai magana gaban alƙali, sa'an nan ta yi idda. Sauran babobin Risala kuwa bai ga hajarsu ba. Duk sa'ad da aka ce an ga alhaji da rai yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan, yakan ce alhamdu lillahi da muryar mai ta'aziyya.

Ta biyar tsohuwa ce, mahaifiyar matafiyin, wadda ba ta san Hartum gabas take ko yamma ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. In ta yi mafarki mai kyau ta toya waina sadaka don godiya, in ta yi mummuna ta toya don neman tsari, har almajiran unguwa suka yi kumatu, suna gaishe ta da asuba suna cewa, "Iya, an yi mafarki?"

A shekara ta bakwai alhaji ya sauka da gorar zamzam da ɗan dabino. Malam ya ce daidai da lissafinsa in an cire shekara biyar, masanin hanya ya shiga gyara masa sunayen garuruwa, mai bashi ya karɓi tasbaha a madadin kuɗinsa, ɗalibin fiƙihu ya bar karatu daga ranar. Tsohuwa kuwa ta dube shi tun daga rawani har ƙafa, ta ce ya rame, ta tashi ta ɗora tanda.