Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu A Jos Ba Tare Da Tumatir Ya Kunyata Ka Ba

Akwai magidantan da in za su sayi wuƙar aljihu sai su shiga kasuwa da zuciyar mafarauta. Su ɗaga wannan su ji nauyinta, su juya waccan su duba kaurin bayanta, daga ƙarshe su biya kuɗin wadda ta fi kusa da zama adda. In ka bi su gida, babban aikin da ke jiran baiwar Allah shi ne feraye mangwaro. Domin irin waɗannan 'yan'uwa, da masu shirin shiga sahunsu, ga shawarwari bakwai, kyauta, ba sai an ba ni goro ba.

Ta ɗaya: san abokin karawarka

Zauna ka lissafa abin da za ka yanka tsakaninka da Allah. Jos gari ne da ke bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma sanyinsa ne ya sa ƙasar ke ba da kabeji, karas, latas da kokwamba. Dankalin Turawa na zuwa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, 'ya'yan sitiroberi kuma daga Chaha, kusa da Vom. Ƙara da lemo, goro, albasa da tsiren dare. Duk cikinsu babu wanda aka taɓa ji ya rama sara. Namun dajin da suka fi kusa da kai suna killace a gandunsu na gwamnati, kuma ba su aiko a kira ka ba.

Ta biyu: duba kauri, ƙyale ƙyalli

Mutane sun ɗauka kaifi shi ne komai. Kaifi hanya kawai yake buɗewa, sauran ruwan wuƙar dole ya bi bayansa ya ratsa. Wuƙa mai kauri a cikin dankali kamar Alhaji mai tumbi ce a ƙofar Keke Napep: kai ya shige, sauran jiki na waje yana neman alfarma. Shi ya sa za ka ji karas ya ce ƙas ya tsage tun wuƙar ba ta kai rabi ba. Wannan faskare ne, ba yanka ba.

Nemi wadda kaurin bayanta bai wuce milimita 2 ba. Masu milimita 3 zuwa 4 an ƙera su ne don masu sassaƙe ice a daji. Sannan ka lura da yadda aka zuba ruwanta: ya taso daga baya yana sirancewa a hankali har bakin kaifi, ba ya zo da ƙibarsa ya tsuke farat ɗaya a ƙarshe ba. Kama ta da yatsu biyu daga baya ka shafo zuwa kusa da bakin. Na ce kusa. Wanda ya zarce, asibiti na karɓar marasa lafiya har dare.

In kana shakka, je ka tsaya wajen mai kilishi. Shekaru ana wasa wuƙarsa har ta rame ta zama siririya, amma da ita yake shimfiɗa nama har ana hango rana ta cikinsa.

Ta uku: tafi da alƙalinka a leda

Mai sayarwa yana da gwaje-gwaje biyu. Zai aske gashin hannunsa, zai kuma tsaga takarda. In ka duba hannun nasa za ka ga tun bara gashi ya daina fitowa a wurin. Duka biyun bakin kaifi kaɗai suke nunawa.

Kai dai biya ta kasuwar Farin Gada tukuna. Ce wa mai tumatir, “Mama, zaɓo mini wanda ya nuna luguf,” ka haɗa da karas ɗaya mai kauri. Wuƙar kirki za ta ratsa fatar tumatirin ba tare da ka danna ba, ta kuma wuce cikin karas shiru. Wadda ta matse tumatirin ya feso maka ruwa a gaban riga ta faɗi jarrabawa, ko da an rubuta sunan ƙasashe uku a jikinta. In mai shago ya ce ba a gwaji, yi masa fatan alheri ka ƙara gaba. Kana da kayan miya, ba ka yi asara ba.

Ta huɗu: kada suna ya ruɗe ka

“Alhaji, wannan 'yar Jamus ce, orijina.” Za ka ji wannan ko ba ka taɓa zuwa Makka ba. Gaskiya ne Okapi, wadda ta zagaye Afirka, a garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902. Amma tun 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka sabuwar Okapi 'yar Jamus ko dai ta girmi yaron shagon, ko kuwa yaron ya girmi gaskiya.

Opinel ta Faransa, wadda aka fara a 1890, ta yi suna wajen siririn ruwa, kuma mai lamba 8, da tsawon ruwanta ya kai santimita 8.5, ta ishi kowane magidanci. Aibinta ƙotar katako. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma katako in ya sha laima sai ya kumbura ya riƙe wuƙar gam. A watan Agusta kana iya cinye lemon da haƙori kafin ta yarda ta buɗe.

Victorinox ta Suwizalan, kamfanin da ya faro a 1884, ita ma ruwanta siriri ne. Sai dai a kula da mai kayan aiki barkatai: almakashi, zarto, magagari, tsinken sakace. Kafin ka gano inda wuƙar take an gama cin tsiren. Kuma karanta rubutun da kyau. In harafi ɗaya ya ɓace daga sunan, kada ka ce kuskuren maɗaba'a ne. Araha ba ta ado.

Ta biyar: zaɓi ƙarfen da ya dace da halinka

Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi, amma ruwan lemo da na tumatir suna baƙanta shi, in ka bar shi a jiƙe ya kwana da tsatsa. Yana son a goge shi, a shafa masa ɗigon man gyaɗa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa haƙuri gare shi. Wanda ya san sai an tuna masa yake wanke motarsa, ya san layinsa.

Kada kishin gari ya sa ka nemi wuƙar kuza. Kuza ta gina Jos, amma laushinta ya yi yawa, ba ta riƙe kaifi. In kayan gida kake so, ga maƙera. Sana'ar ƙarfe ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, don mutanen Nok, waɗanda gumakansu na yumɓu ke gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, sun narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Jikokin sana'arsu na yau tsohon zarto da sifirin mota suke mayarwa wuƙa. Ce wa maƙerin, “Sarkin Maƙera, a sirance ta don Allah.” Zai dube ka da tausayi, ya ce ba za ta yi ƙarko ba. Dage. Mai naɗewa tana yi musu wuya, don haka karɓi 'yar ƙarama, dukawan Naraguta su ɗinka mata kube.

Ta shida: tsare ta daga maƙiya

Siririyar wuƙa maƙiyanta sanannu ne: rake, kwakwa, ƙashin ragon layya, murfin gwangwani, da maƙwabcin da ke cewa “ara mini yanzu zan dawo da ita.” Wannan na ƙarshen ƙusa zai kwance da tsininta. In ya dawo da ita baki duk giɓi, zai ce haka ka ba shi.

In ta dakushe, kada ka miƙa wa mai injin washi ya yi ta tartsatsi da ita. Zafi na kashe ƙarfe, kuma da ka ga bakin ya yi shuɗi, yi mata ta'aziyya. Dutsen washi da ruwa sun wadatar. Kwantar da ita kaɗan, digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, ka ƙarasa da gogawa a bayan bel ɗin fata.

Ta bakwai: san inda za ka shiga da ita

Nan raha ta ɗan ja baya. Jos ta ga abin da ta gani, kuma fitinar 'yan sara-suka ta sa jami'an tsaro ba sa dariya da maganar wuƙa. Kada ka yi yawon dare da ita, kada ka shiga taro ko wurin ibada da ita. 'Yar ƙarama mai ƙotar katako tana da sauƙin bayani a shingen bincike, musamman in akwai lemo a ɗaya aljihun. Baƙa mai zanen ƙoƙon kai kuwa, sai ka kira mai unguwa ya yi maka shaida. A filin jirgi na Heipang, sa ta a babbar jakar da za a auna. In ka bar ta a aljihu, ka yi sadakar da ba ka yi niyya ba.

Sakamakon jarrabawa na gaskiya a gida yake fitowa. Wuƙa mai kauri za ta shekara a kan tebur ba wanda ya taɓa ta. Ranar da ka laluba aljihu ka ji wayam, ka leƙa kicin ka tarar uwargida na yanka kabeji siri-siri tana murmushi, to ka iya zaɓe. Kada ka tayar da maganar, ita ke da wuƙa da nama. Koma kasuwa ka sayo ta biyu, wannan karon kuma ka riƙa feraye mangwaronka a bayan gida.