Risala a Kan Haƙƙin Zama a Bakin Tafki

Ka sani, ya kai ɗalibi, tsirran ruwa sun kasu kashi uku gwargwadon alaƙarsu da laka, kuma jahiltar wannan rabo shi ne asalin yawancin husuma a fadamun Haɗejiya da Nguru.

Kashi na farko mazauni ne, wato bado. Saiwarsa na cikin laka, ganyensa shimfiɗe bisa ruwa. Yana sauke haƙƙin zama, domin ana cin 'ya'yansa da tushensa idan rumbu ya yi ƙasa. Babu saɓani a kansa.

Na biyu matafiyiya ce, wato kainuwa. Tana da saiwa, sai dai saiwar reto take yi a ruwa, ba ta taɓa ƙasa. Magabata sun tabbatar da cewa dashen Allah ce, don haka ba a tambayar ta takardar fili.

Na uku, wadda dominta aka ɗauki alƙalami, ita ce mai cin iyaka, wato kacala. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da kan zo da damina ya janye da rani ya yi zaman dirshan a magudanai, kacala kuwa abin nema ya samu. Tuhumar da ake mata uku ce: (1) ta toshe mashigar Marma, (2) ta hana kwalekwale da koma wucewa, (3) ta ba janbaki masauki, shi kuwa ba ya kwana sai ya ziyarci shinkafar maƙwabta.

Idan mai jayayya ya ce ai ba kacala ta gina madatsa ba, sai mu ce haƙiƙa, amma wanda aka buɗe wa zaure bai halatta ya zarce ƙuryar ɗaki ba. Idan ya ce to a cinna mata wuta, sai mu ce wannan ƙauli ne mai rauni: wuta ganye take ci, saiwa na ƙarƙashin laka tana jiran 'yan kallo su watse. Ingantaccen zance shi ne a sa lauje a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya shanye kan kututturen, domin ta ganye take aika wa saiwa iska. Da haka ne tsiron ruwa kan mutu ta hanyar nutsewa, mas'alar da ya kamata a haddace.

Amma hukuncin kwaɗo, ko ɗan haya ne ko mai gida, wannan sai a babi na daban, domin an shaide shi yana yini a kashi na farko, yana kwana a na uku.